Shawara ga masu fama da ciwon jiki mai daɗewa

'Yan uwa, kafin hannu ya saba da kai wa ga ƙwayar kashe zafi, ku sani jikinmu na haɗa nasa maganin. A 1975 John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen suka gano sinadarin enkefalin a ƙwaƙwalwar alade, bayan haka aka gano endofin. Waɗannan sinadarai biyu suna aiki ne a gurbin da mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, ke kamawa a jijiyoyi, su rage raɗaɗi, su kwantar da hankali. Har dabbobi na da su.

Cikin abubuwan da ke tayar da waɗannan sinadarai akwai motsa jiki: tafiya da sauri har numfashi ya ɗan hau, minti 30 a yawancin ranakun mako. Mai ciwon baya ko gwiwa ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa a hankali. Dariya cikin jama'a ma tana taimakawa.

Inda na fi damuwa shi ne tiramadol da kodin, waɗanda su ma gurbin da mofin ke kamawa suke kamawa. Idan aka daɗe ana sha, jiki yakan saba, gurbin nan ya daina amsawa kamar da, sai ƙwaya ɗaya ta koma biyu. Ran da aka daina, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci. Don Allah wanda ya kai nan kada ya yanke lokaci guda, ya je wurin likita a rage masa sannu a hankali.

Ciwo sabo mai tsanani kuwa, ko mai zuwa da zazzaɓi, asibiti za a kai shi a duba.