Yadda Ake Hana Manhajar Lisp Mutuwa a Kan Saba Mai Araha

Wani mai shagon atamfa a Kasuwar Barci ya kira ni da sassafe: "Malam, shafin nan naka ya sake kwanciya." Manhajar lissafin kayansa da SBCL na rubuta ta, wato manhajar da ke gudanar da yaren kwamfuta na Lisp, tana kan ƙaramar saba (kwamfutar haya a intanet) mai RAM 512MB kacal, don kuɗin haya da dala ake biya. Ga yadda na shawo kan abin.

Da farko ka gano wa ya kashe ta. Rubuta dmesg | grep -i oom. In ka ga sunan sbcl, Linux ne ya yanka ta saboda RAM ya ƙare. In kuwa "Heap exhausted, game over" ka tarar a saƙonnin da manhajar ta fitar, ita ce ta cika rumbunta, wato wurin ajiyar da aka ware mata (heap). Kada lambar VIRT a top, umarnin da ke nuna abin da kowace manhaja ke ci, ta tsorata ka, wuri ne kawai ta kama. RES ne abin da take ci.

Sai ka yanka mata rumbu daidai ƙarfin sabar: sbcl --dynamic-space-size 300, wato 300MB. A nan mutane ke kuskure. Mai sharar SBCL (garbage collector, mai share bayanan da aka gama da su) kwafe abubuwa masu rai yake yi zuwa sabon wuri kafin ya share tsohon, don haka yana buƙatar fili. In umarnin (room) na Lisp ya nuna kana cin 200MB, to 300 ya yi maka kaɗan.

Ƙara swap (wuri a faifai da ke taimaka wa RAM in ya cika) na 1GB da fallocate, chmod 600, mkswap da swapon, ka sa shi a /etc/fstab. Tsofaffin sabobin haya nau'in OpenVZ ba sa yarda da wannan, nemi nau'in KVM.

Kada ka harhaɗa (compile) manhajar a kan sabar. Kayan Lisp da Quicklisp ke ɗauko maka na cin RAM sosai lokacin harhaɗawa. Yi a kwamfutarka, kan Linux irin na sabar, ka fitar da fayil guda da save-lisp-and-die, ka tura.

Hunchentoot kuma, manhajar Lisp da ke karɓar baƙin shafin, zare (thread) ɗaya yake buɗe wa kowane haɗi da ya shigo, har 100, kuma kowane zare na cin RAM. Shagon Alhaji bai taɓa tara mutum goma lokaci guda ba, sai na mayar da max-thread-count zuwa 20, na bar wa nginx, wata manhajar raba shafukan intanet, aikin tura hotunan atamfa.

Daga ƙarshe sa wa sbcl --disable-ldb da --lose-on-corruption, don in matsala ta taso ta mutu gaba ɗaya maimakon ta tsaya tana jiran umarni, sannan Restart=always a systemd, mai kula da manhajoji a Linux, ya tashe ta cikin dare kana barci.