Yadda za ka nemi aiki a inshora ko kamfanin magunguna

To jama'a, fara gyara CV ɗinka ya dace da tallan aikin, don kamfanoni da yawa kwamfuta ce ke tace takardu kafin mutum ya gani, in kalmomin da suke nema babu a taka ana iya tsallake ka. A inshora yanzu masu iya lissafin haɗari da sarrafa bayanai ake rububi, ka koyi Excel sosai da SQL, wato yaren kwamfuta da ake zaƙulo bayanai daga rumbun ajiyarsu da shi. Ɓangaren magunguna kuwa ba sai kai likita ne ba, akwai aikin sa ido kan gwajin magani da duba inganci, satifiket ɗin GCP, wato shaidar horo kan ƙa'idojin gwajin magani a jikin mutane, zai taimaka maka ƙwarai. Ka buɗe LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, kana leƙawa kullum, kuma wallahi duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin intabiyu ɗan damfara ne.