Kurakuran da ake yi wajen karanta hasashen guguwar rana

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar walƙiyar rana da gajimaren da rana ke amayarwa, wato CME, a matsayin abu ɗaya. Hasken walƙiyar minti 8 yake yi a hanya, kafin a ankara ya riga ya toshe rediyon gajeren zango a ɓangaren duniyar da rana take. Gajimaren kuwa yakan yi kwana 1 zuwa 3. A nan ne ake samun damar shiri.

Sanin ranar isowarsa kuma ba shi ne sanin ƙarfinsa ba. Abin dubawa shi ne Bz, inda maganaɗisun gajimaren ya fuskanta. In ya karkata kudu na sa'o'i, sai ya ƙullu da maganaɗisun duniya, guguwa ta shigo. In arewa ya nufa, ƙaton gajimare na iya wucewa salin-alin. Ba a samun Bz na gaskiya sai gajimaren ya iso L1, wani wuri tsakanin rana da duniya, kilomita miliyan 1.5 daga duniya, inda aka ajiye kumbunan awo ACE da DSCOVR, daga nan kuwa minti 15 zuwa 60 ne suka rage. Shi ya sa umarnin kare tauraron ɗan'adam tun da wuri ake tsara shi.

Raina ƙaramar guguwa ya fi tsada. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin intanet na Starlink 49, mafi ƙasan falakinsu kilomita 210. Guguwar matakin G1 ce, mafi ƙanƙanta a ma'aunin ƙarfin guguwa na G, amma ta ɗumama iskar sama, iskar ta kumbura, ta riƙa jan taurarin har 38 suka faɗo. A falaki mai ƙasa-ƙasa haka, ƙaurin iska ake dubawa, ba matakin G kaɗai ba.

Wasu kuma da Kp, ma'aunin rikicewar maganaɗisun duniya daga 0 zuwa 9, ya sauka sai su saki jiki. Ƙwayoyin lantarki masu ƙarfin sama da MeV 2 (ma'aunin kuzarinsu) sukan ƙaru bayan guguwar, su taru cikin kayan tauraro har su yi tartsatsi. Haka aka yi da taurarin sadarwa Anik E1 da E2 na Kanada a Janairun 1994.

Masu safiyo da GPS a Najeriya su kula: Kp ma'auni ne na duniya baki ɗaya. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ƙasar, kuma bayan magariba siginar na iya yin rawa ko da Kp yana 1, musamman wajen Maris da Oktoba. Awo mai bukatar daidaito a yi shi da safe.