Yadda za ka yi sayayya a konbini tun Japananci bai zauna maka ba

Shagunan nan na konbini, wato ƙananan kantunan abinci da kayan masarufi na Japan, irin su 7-Eleven, Lawson da FamilyMart yawanci awa 24 suke a buɗe, kuma nan sabon zuwa Japan yake fara gwada ɗan yaren da ya koya.

Da ka shiga za su ce irasshaimase, wato barka da zuwa, ba sai ka amsa ba, ɗau kwando kawai ka wuce.

Kafin ka jefa onigiri (curin shinkafa) ko bento (dafaffen abinci a ɗan akwati) a kwando juya bayansa ka duba, in ka ga 豚 ko ポーク to alade ne, 酒 ko みりん kuma akwai giya ciki, ni a ganina gara ka haddace waɗannan tun kafin ka iya gaisuwa ma, don har wani burodin ana sa masa kitsen alade, ラード ake rubutawa.

Sai wajen biya, nan fa mai kanta zai jero maka tambayoyi da sauri kamar ana korarsa, kar ka rikice. In ka ji fukuro leda yake nufi, tun Yulin 2020 sayenta ake yi. Atatamemasu ka kuma wai a ɗumama maka abincin ne. Kana so ka ce onegai shimasu, ba ka so ka ce daijoubu desu, shikenan.

Kuɗi a ɗan faranti ko a na'ura ake sawa, ko ka taɓa katin Suica, wanda ake biyan kuɗin jirgin ƙasa da shi. Babu ciniki fa malam.

In a ciki za ka zauna ka ci to ka faɗa musu, harajin 10% ne maimakon 8%.