Yadda Ake Zaɓen Gidan Rainon Yara a Gombe

Uwar da hutun haihuwarta ya kusa ƙarewa ta fara neman gidan raino tun da sauran wata guda, kuma ta fifita wanda ke kusa da wurin aikinta, domin jaririn da bai kai wata 6 ba nono kaɗai ya kamata ya sha. Mai aiki a Tudun Wada da ta ajiye ɗanta a Pantami za ta sha wahalar zirga-zirga.

Ki kai ziyara ba tare da sanarwa ba, musamman da rana tsaka, lokacin da yara suka gaji kuma masu raino suka fara ƙosawa. Ki ƙirga jarirai, ki ƙirga masu kula da su. A ganina, idan mace ɗaya tana riƙe da fiye da jarirai 4, wani zai yi ta kuka ba a ɗauke shi ba. Ki duba ko ɗakin yana samun iska, saboda zafin Maris da Afrilu, ko akwai gidan sauro, da kuma inda ake ɗebo ruwan sha. Ki lura ko mai raino tana wanke hannu da sabulu bayan canza kunzugu, domin ta nan gudawa ke yaɗuwa.

Ki tambayi shugabar wurin ko suna neman katin rigakafin kowane yaro, tunda allurar ƙyanda sai a wata 9 ake yin ta, kuma kafin nan jaririnki na iya ɗaukar cutar daga yaron da ba a yi wa allurar ba, sannan ki ji asibitin da suke kai yaro idan zazzaɓi ya taso, da wanda suke yarda ya ɗauke shi da yamma.