Yadda gari zai kafa harajin kwanan otal ba tare da kuɗin sun bi shanun sarki ba

Harajin kwanan otal ɗan wani abu ne da ake ɗora wa baƙo a kan kuɗin ɗaki, otal ya karɓa ya miƙa wa hukumar gari, ita kuma ta tallata yankin da shi don masu yawon buɗe ido su ƙaru. 'Yan siyasa na son shi, ai wanda ke biya ba shi da ƙuri'a a garin. Kuma ba yau aka fara ba, Faransa tun 1910 take da irinsa.

Kafin komai ku duba doka, shin garin ma yana da hurumin saka haraji da kansa? Da yawa ba su da shi sai gwamnatin sama ta yarje musu. Edinburgh sai da majalisar Sikotland ta yi doka a 2024 sannan ta iya amincewa da kashi 5 cikin ɗari. Ita kuwa Manchester da aka ga babu wannan ikon sai aka ɓullo ta wata hanya, masu otal suka kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu suka yarda da fam 1 kowane ɗaki kowane dare, aka fara a Afrilun 2023.

Sannan ku zauna da masu otal tun ba a rubuta komai ba, don su ne za su tsaya gaban baƙo suna bayanin me ya sa kuɗin ya ƙaru. A tsibiran Baleyarik na Sifaniya an kawo harajin a 2002 masu otal na ta ƙorafi, gwamnati na canzawa a 2003 aka soke shi, bai dawo ba sai 2016.

Nawa za a saka? Hanya biyu ce, ko tsayayyen kuɗi kowane dare ko kaso daga kuɗin ɗaki. Ni dai kason na fi so, saboda wanda ya kama ɗan ɗaki mai araha bai kamata ya biya daidai da wanda ke saman bene mai tauraro biyar ba, ga shi kuma tsadar kaya na cinye tsayayyen kuɗi, shi ya sa Lisbon da ta fara da yuro 1 a 2016 ta koma 2 a 2019 ta sake kaiwa 4 a 2024, kuma kowane ƙari sai an sake wata muhawarar. Tokyo ta bi tsakiya tun 2002, ɗakin da bai kai yen 10,000 ba babu haraji a kansa. Kar dai a ga Amsterdam na karɓar kashi 12.5 a ce mu ma haka, su baƙin ne suka yi musu yawa.

A fayyace waɗanda aka yafe wa, kamar yara da masu dogon zama. A jihar Texas ta Amurka wanda ya kama ɗaki kwana 30 a jere ba ya biya. Kar a manta da gidajen haya na gajeren zama, in aka bar su masu otal za su ce an yi musu rashin adalci kuma suna da gaskiya, Airbnb, shafin intanet da ake kama irin waɗannan gidajen, tun 2015 yake karɓa wa Paris nata harajin. A ba da tazarar watanni kafin a fara, wasu sun riga sun biya ɗaki tuntuni, kuma harajin ya fito a layinsa daban a kan rasit.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. In kuɗin nan suka faɗa babban asusun hukuma shi ke nan, albashi da gyaran kwalbati za su lamushe su, bayan shekara biyu a tambayi ina tallan a yi ta kame-kame. Dole dokar da kanta ta faɗi asusu na daban da abin da za a kashe a kai, yadda dokar Texas ta ce kuɗin da birane suka tara sai a kan abin da ke haɓaka yawon buɗe ido da harkar otal kai tsaye. A kafa kwamiti mai masu otal da masu gidajen abinci da wakilan garuruwan maƙwabta, don sau da yawa otal ɗin na cikin birni amma tafkin ko tsohon ginin da baƙo ya zo gani yana ƙaramar hukumar da ke gefe, su ke shan cunkoso da shara birni na karɓar kuɗi. A rubuta rabon kowa da wa ke sa hannu kafin kuɗin farko su shigo, in an bari sai sun taru rigima ce kawai.

Kuma a riƙa nuna wa jama'a sakamako, in ba haka ba wata rana za su juya baya, a 1993 masu zaɓe a jihar Kolorado ta Amurka suka ƙi sabunta harajin da ke ɗaukar nauyin tallan jihar, aka yi shekaru babu kasafin kirki. Tun kafin a fara ku rubuta yawan ɗakunan da ke cika a kowane wata, musamman watannin da kasuwa ke sanyi don nan tallan ya fi amfani, duk shekara a fitar da abin da aka tara da inda aka kashe, a kuma sa a dokar cewa bayan shekara uku za a sake duba ta.