Kurakuran da mu malaman lesin muke yi wajen koya wa yara rubutun Turanci

Na daɗe ina lesin ɗin Turanci a nan Gwale, bayan la'asar a soron gidanmu, kuma in za a faɗi gaskiya yaron da ya yi shekara biyu a hannun malami amma har yanzu wasiƙa mai shafi ɗaya tana gagararsa, ba duka laifinsa ba ne, mu ma muna da namu kason.

Jan biro shi ne babba. Yaro ya kawo insha'i, ka zauna ka bi shi da ja tun daga sama har ƙasa kamar an yanka kaza a kan takardar, ka miƙa masa kana jin ka yi aiki. Wallahi ba ya karantawa, makin kawai zai duba ya cusa a jaka. Ni ma na yi haka, har wata yarinya ta daina kawo min aiki sam, da na matsa sai ta ce “Malam ai ko na yi duk ba daidai ba ne.” Yanzu abu ɗaya nake kamawa, in ya yi yawa biyu. In watan nan darasin yadda ake faɗin abin da ya wuce (past tense) muke yi, to shi kaɗai zan ja wa layi, kuma ba na rubuta gyaran, shi zai nemo da kansa ya sake rubuta jimlar. Sauran kurakuran ina ganinsu, na bar su ne sai lokacinsu ya zo.

Sai rashin tambayar kanmu daga ina kuskuren ya taso. Yawanci Hausa ce a ƙarƙashi. Mu aro kalma ɗaya ce ko kai ka karɓa ko kai ka bayar, shi ya sa za ka ga “borrow me your pen”. Muna jin magana, muna jin wari, muna jin yunwa, duk da ji ɗaya, sai yaro ya rubuta “I am hearing smell” kuma a ransa ya yi daidai. Mota mace ce a wurinmu, sai ya ce mata “she”. A “na tafi” da “zan tafi” kalmar tafi ba ta motsa ba, to me zai sa ya tuna cewa “go” tana komawa “went”? Ga kuma rikicin p da f da ke shiga har cikin sifelin. In ka ce masa ba daidai ba ne kawai, gobe zai maimaita. Amma ka rubuta jimlar Hausar a allo, ka sa ta Turancin a ƙasanta, ka nuna masa inda suka rabu, sai ka ga ya yi dariya ya ce au ashe haka ne. Wasu malaman gani suke yin Hausa a ajin Turanci faɗuwa ce, ni dai ban yarda ba.

Haddar insha'i kuwa cuta ce. Ana gab da WAEC ko NECO sai a ba yara wasiƙa biyar su haddace. A WAEC ana son kalmomi wajen 450, maki 50 ne, 20 daga ciki na yadda ka sarrafa harshe ne, 10 na tsabtar rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Wanda ya haddace in tambaya ta ɗan karkace shi kenan ya shiga daji, zai fara da jimlolin hadda masu ƙyalli sannan ya dawo Turancinsa na ainihi, mai makin kuma ba yaro ba ne.

Kar a yar da tsohon littafi. Kowane ɗalibi nawa yana da littafi ɗaya da ke zama a wurina, shafin ƙarshe an jera kurakuran da ya fi yi. Bayan wata uku sai in sa shi ya sake rubutu a kan abin da ya rubuta ranar farko, misali wata tafiya da ya yi Kasuwar Kurmi ko hawan Sallah, mu ajiye biyun gefe da gefe. Wannan ne nake nuna wa iyaye in sun zo da “Malam wata uku fa muna biya”. Nakan ce Alhaji ga na da, ga na yanzu, duba da kanka.

Waya kuma, aikin gida yanzu rabinsa ChatGPT ne, yaron da jiya bai iya rubuta “because” ba yau ya zo da Turancin Ingila. Ba na faɗa, minti 20 kawai nake ba shi ya rubuta a gabana, wayar tana aljihuna. In azumi ya zo aka dakatar da lesin, layi biyar kullum nake sa su yi a kan abin da aka sha ruwa da shi, bayan Sallah su kawo min in gani.